Haƙoran Baba Direba a Gaban Kwamiti

Tun ranar da Minista ya leƙo wurin aikinta ya tambayi lafiyar Baba Direba, Auta ta san akwai abin da yake nema. Shekara da shekaru suna aji ɗaya a makarantar koyon likitancin haƙori, ba ta taɓa jin ya tambayi lafiyar wani ba sai in ƙuri'a yake so ko aron kayan aiki. Shi ne shugaban ƙungiyar ɗalibai, kuma ba a banza aka laƙaba masa Minista ba. Ko ƙarfe nawa ka tambaye shi, sai ya gyara wuyan riga ya fara da godiya ga mahalarta. Ita kuwa Auta ake ce mata don ita ce ƙarama a ajin, a shekaru da kuma a jiki, har sai ta sauke kujerar majinyaci ƙasa sosai kafin ta ga cikin bakin mutum.

Baba Direba majinyacinta ne. Ya tsufa yana tuƙa motar haya a doguwar hanya, sitiyari ya kwashe masa haƙoran gaba a wani haɗari, ciwon dasashi ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya har bakin ya zama fili. Lokacin annobar da ta sa kowa rufe hanci da baki, shi kaɗai ne ya ji daɗin abin. Duniya ta cire takunkumi ta manta, shi bai cire nasa ba. Jikokinsa ba su san kamannin bakinsa ba. Ko abinci sai ya juya wa matarsa baya yake ci. Ranar da ya fara zuwa asibitin koyarwa, sai da ya ƙare wa Auta kallo daga sama har ƙasa, ya tambaye ta ko babu babba a wurin, sannan ya sa ta ja labule ta kuma duba ko akwai kafa. Ta sha fama kafin ya saba da ita. Amma da ya saba, da zarar ta ce, "Baba, ɗan buɗe," sai ya jingina kai ya rufe ido ya buɗe, ba gardama. Ita da Malamar da ke duba aikinta ne kaɗai suka taɓa ganin bakin nan, kuma Auta tana ji da wannan amana fiye da duk makin da ta taɓa ci.

"Yaya tsohonki?" in ji Minista, yana wasa da madubin bakin da ke kan tirenta.

"Ajiye mini kayana, an dafa su. Lafiyarsa lau."

"Haƙoran nasa sun kusa?"

"Me ya faru?"

Ya ja kujera ya zauna ba a ce ya zauna ba. Auta ta san maganar, don duk ajin ba a zancen komai sai ita. Inshorar lafiya ta gwamnati tana biyan kuɗin cire wa tsoho haƙori, amma ba ta biyan na mayar masa da wani. Ta san cirewa, ba ta san mayarwa ba, kamar yadda ɗaliban suke faɗa. Ƙungiyarsu ta daɗe tana zarya a majalisar dokoki don a gyara wannan, yanzu kuma kwamitin lafiya ya ce su zo a saurare su.

"Alƙaluma ba sa motsa mutanen nan," in ji Minista. "Mutum muke so, mai rai, wanda zai zauna a gabansu. Na ce da za ki ɗan jinkirta ba shi haƙoran, ya je musu a yadda yake. Minti ɗaya ya sauke takunkumin nan, wallahi an gama."

"Ba zai yiwu ba."

"Ki dai yi tunani."

"Na yi. Mutumin da matarsa ba ta gani ba, shi za ka kai wa 'yan majalisa su kalla? In zai je, da haƙoransa zai je. In ba haka ba, nemi wani."

Minista ya ɗaga hannu biyu. "To, shi ke nan. Yadda kika ce."

Wannan saurin yardar shi ya fi komai tayar mata da hankali. Minista da zai kwana yana musu a kan launin rigar ƙungiya, yau ya ce shi ke nan tun ba a je ko'ina ba? Ta bi bayansa da kallo har ya fita, ta ce a ranta wannan ya koma ya sake shiri ne.

Da ta kawo wa Baba Direba maganar, sai ya jingina a kan kujerar, idanunsa a kan fitilar da ke saman kansa.

"Su waɗannan mutanen, 'yata, in sun kira talaka, ko hoto suke so ko ƙuri'a. Na ɗauki irinsu a mota tun suna yawo da takalmi ɗaya."

"Ba dole ba ne, Baba. Ko ka ce a'a, aikinka yana nan yadda yake."

"Akwai abokaina a tasha, su ma bakin duk ya zube. Ni na yi sa'a layi ya kawo kaina a nan, su suna can suna jiƙa burodi a shayi." Ya juyo ya dube ta. "Zan je. Amma da haƙora a bakina zan shiga, da su zan fito. Ba wanda zai ga abin da kika gani."

"Ba wanda zai gani, Baba. Ni na yi maka alkawari."

Daga ranar ta sa wa Minista ido, kuma wanda ya sa ido ba ya rasa abin gani. Ta je ɗakin da ake haɗa haƙoran roba ta tarar babu na Baba a kan kantar da ta bar su. Mai haɗawar, yana goge hannu da tsumma, ya ce ai shugabansu ne ya zo ya yi magana a kansu, shi ya sa ya matsar da su can ciki.

"Me ya ce maka?"

"Cewa ya yi in ba su kulawa ta musamman."

Kulawa ta musamman. Auta ta yi murmushin da bai kai ciki ba. Ta tsaya a kan mutumin har ya gama goge su a ranar, ta sa su a ɗan akwatin roba da ruwa, ta jefa a jakarta ta tafi da su ɗakin kwananta, abin da doka ta hana. Wata rana kuma daga tagar bene ta hango Minista ya tare Baba a bakin ƙofar asibiti, ya rusuna yana zuba bayani da hannu, Baba yana girgiza kai. Kafin ta sauko Minista ya ɓace.

"Baba, me yaron can ya ce maka?"

"Maganar maza ce."

"In ya dame ka, ka gaya mini."

"Bai dame ni ba," in ji Baba, ya gyara takunkuminsa.

Ba ta yarda ba. Ta san bakin Minista, zai iya sayar wa mutum rigar da ke jikinsa.

Haƙoran kuwa, a faɗi gaskiya, aiki ne. Yawancin ɗalibai farare tas suke zaɓa, su jera su reras kamar faranti a kabad, kowa ya gani ya san na roba ne. Auta ba ta yi haka ba. Ta sa Baba ya kawo mata tsohon lasisinsa na tuƙi, wanda a hoton yake dariya, ta ga ɗaya daga haƙoran gaba ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, ta mayar da shi haka. Ta zaɓi launin da ya ɗan yi duhu irin na mai shan shayi, ta ɗan cinye bakin fiƙoƙin kamar shekaru ne suka cinye su. Malama, wadda yabo yake yi mata wuya kamar cire haƙorin can ƙurya, ta zo dubawa ta leƙo ta saman tabarau tana buga biro a tafin hannu. Ka'idarta ɗaya ce, kuma duk wanda ya bi ta hannunta ya haddace: in an tambaye ka aikinka, kada ka tsaya surutu, ciro shi ka nuna. Auta ta ciro, ta juya su a gaban fitila, ta nuna gefe da ciki da inda suke kama ganɗa. Malama ta ce, "Hm." A wurinta wannan lambar yabo ce.

Da ta sa masa su, Baba ya riƙe madubi yana kallon kansa. Kumatunsa sun ciko, leɓensa ya fito, shekaru da dama sun sauka daga fuskarsa. Ya ɗan taɓa haƙorin da ya hau kan ɗan'uwansa.

"Har wannan kika dawo mini da shi?"

"Ai naka ne, Baba."

Ya juya fuska wajen labule yana neman hankici. Ita ma sai ta kama gyaran tiren da ba abin da ya same shi. Ta ce ya riƙa karanta jarida da ƙarfi a gida don harshensa ya saba kafin ranar majalisa, kuma in wani wuri ya fara gurzar dasashi ya gaya mata.

Ranar zuwa majalisa suka cika motar makaranta da fararen riguna. Baba ya zo da riga mai guga da hula sabuwa, kuma babu takunkumi. Ya ce jikarsa ta ƙwace ta ce ba za ta bayar ba. Auta ta zaunar da shi a jikin taga ta zauna a gefensa, ta bar Minista a tsaye yana rarraba wa mutane abin da za su faɗa.

A ƙofar ginin aka caje su, aka karɓe wayoyin wasu aka mayar, aka rataya musu katin baƙi a wuya. Suka bi wani dogon baranda mai sheƙi, hotunan tsofaffin shugabanni a jere a bango, kowanne ya rufe baki ruf. Wani ɗan ajinsu ya ce da gani duk suna da abin ɓoyewa, a kawo su asibiti. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sun daɗe a kan benci suna jira, ma'aikata suna wucewa da fayil suna yi musu kallon masu neman taimako. Can Auta ta hango Minista a lungu da mai ɗaukar hoton majalisar, wani dogo mai kyamara a kafaɗa. Minista yana yi masa raɗa, yana nuna Baba da haɓa. Mai kyamarar ya dubi Baba ya gyaɗa kai.

To, ga shi nan. Ta matsa kusa da Baba har kafaɗarsu tana haɗuwa.

"Baba, ko wa ya ce ka yi wani abu a ciki, kada ka yi sai ka dube ni."

"Ke dai kin cika tsoro. Ni da na kwana a daji da mota ta lalace?"

Ɗakin kwamitin sanyi kamar firji. Teburi ne mai lanƙwasa, kujeru masu juyawa, rabinsu babu kowa, kowace da makirfo da robar ruwa a gabanta. Mataimakan 'yan majalisar suna jere a baya, kowa ya duƙufa a kan waya. Shugaban kwamitin dattijo ne mai ƙiba da tabarau a kan hanci, kuma tun kafin Minista ya gama godiya ga mahalarta ya katse shi.

"Wa ya turo ku?"

"Ranka ya daɗe, ƙungiyar ɗalibai ce..."

"Na ji. Wa ya ba ku motar? Wa ya buga muku wannan takardar mai sheƙi? Ɗalibai ba su da irin wannan takardar."

"Makaranta ce, ranka ya daɗe."

"Kamfanonin da ke shigo da kayan haƙori fa? Ba ruwansu? Don in dokar nan ta wuce, su za su fi kowa dariya, ku kuma ku samu kasuwa in kun gama."

Haka aka yi ta yi. Duk abin da ɗaliban suka faɗa, sai wani ɗan kwamitin ya juya shi ya duba ƙasansa. Su ma ɗaliban kallon mutanen suke yi suna raya cewa an riga an yanke hukunci tun jiya, zaman na cika ka'ida ne. Auta dai rabin hankalinta ne a wurin. Idonta ɗaya yana kan Minista, ɗaya a kan mai kyamara.

Da aka ba Baba Direba makirfo sai ɗakin ya canza. Ya yi sallama, ya faɗi sana'arsa, ya ce shekarun da ya yi a kan titi ya kai mutane asibiti da makaranta da gaisuwar mutuwa, wataƙila har da wasu na ɗakin nan. Ya faɗi yadda haƙoransa suka tafi, yadda duk wanda ya yi ciwo inshora take biya a cire, har ranar da likita ya ce masa, Baba, an gama, babu sauran abin cirewa. Ya ce ranar ce inshorar ta sallame shi. Ya faɗi yadda nama ya gagare shi, yadda ya rame, yadda ya daina zuwa tasha don kada abokai su tsokane shi, alhali su ma abin da suke ɓoyewa ke nan. Muryarsa ta fita tsaf, ba inda harshe ya sarƙe. Har ya yi musu barkwanci a kan gyaɗar da jikarsa take ci a gabansa don mugunta, ɗakin ya yi dariya, shi ma ya yi, baki buɗe, a gaban baƙi. Auta ta ji ƙwalla ta taru mata don daɗi.

Dariyar ce ta jawo. Shugaban kwamitin ya daina tasa, ya matso da kujera.

"Tsaya, Baba. Kana nufin babu haƙori ko ɗaya a bakinka?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

"To waɗannan da nake gani fa?"

"Na roba ne. A makarantarsu aka yi mini."

Wata 'yar majalisa da ke gefensa ta kunna makirfonta. "Mai girma shugaba, mahaifiyata tana sa haƙoran roba. Daga nesa nake gane su, farare ne a jere. Waɗannan dubi, har da wanda ya hau kan wani. Wa zai yi na roba a karkace? Da girmamawa, Baba, naka ne."

"Ba yau aka fara kawo mana shaidar haya ba," in ji wani daga can ƙarshe. "An taɓa kawo mana makaho, muka gan shi a waje yana karanta saƙo a waya."

Minista ya miƙe. Auta ta riƙe hannun kujera, ta ce a ranta yanzu zai faɗa, dama abin da yake jira ke nan. Ta shirya katse shi ko da za a fitar da ita daga ɗakin.

"Ranka ya daɗe, za mu kawo hoton ƙashin bakinsa da rahoton asibiti, yau ɗin nan in kuna so. Dattijo ne, maganarsa ta isa."

"Takarda kowa yana bugawa, mun ga irin taku," in ji shugaban. Ya leƙo ta saman tabarau yana buga biro a kan teburi. "Wane ne ma ya yi aikin?"

Aka nuna Auta. Ta miƙe, kanta da ƙyar ya wuce na waɗanda suke zaune a gabanta.

"Wannan? Wannan 'yar yarinyar?" Ya dubi abokan aikinsa, aka kwashe da dariya. "Ni na kai kaina ƙasar waje an yi mini guda biyu, kowa ya gan su ya san saye na yi. Ke kuma kina ɗaliba kin yi baki guda da ba a ganewa? Yarinya, a ina aikin naki yake? Ni ban ga aiki ba, bakin mutum na gani."

Auta ba ta yanke shawarar komai ba, kuma wannan ne abin da ya fi cin ta daga baya. Babba yana zaune ya leƙo ta saman tabarau kamar Malama yana tambayar aikinta, jikinta kuwa ya san abin da ake yi in an kai nan. Hannunta ya shiga aljihun farar riga, inda safar hannu ba ta taɓa yankewa. Ta zura su tana tafiya. Ta tsaya a gefen damansa, inda take tsayawa kullum.

"Baba, ɗan buɗe."

Ya jingina kai, ya rufe ido, ya buɗe.

Ta sa yatsa ta can baya ta saki iskar da ke riƙe na sama, ya sauko a hannunta. Ta ɗaga na ƙasa. Ta juya ta ɗaga su wajen hasken fitila, tana nuna gefe da ciki, tana bayanin launin da ta zaɓa da dalilin da ya sa ta karkata na gaban, muryarta tana fita sarai kamar ranar jarrabawa. Ta kai tsakiyar bayanin ganɗa kafin ta lura babu mai motsi a ɗakin, kuma ba hannunta suke kallo ba.

Ta waiwaya. Baba ya buɗe ido. Kumatunsa sun faɗa, leɓensa ya shige ciki, haɓarsa ta taso tana neman hanci. Hannunsa ya tafi aljihu yana laluben takunkumin da ba ya nan, ya koma ɗaya aljihun, sannan ya ɗora tafin a kan bakinsa. Ba 'yan majalisar yake kallo ba. Ita yake kallo.

Mai kyamara ya riga ya sunkuyar da kyamararsa ƙasa tana kallon kafet. Amma a layin baya wayoyin mataimaka sun tashi sama. Minista ne ya tsallake kujera ya zo ya tsaya a gaban Baba, ya ware farar rigarsa da hannu biyu ya kare shi.

"Don Allah a sauke wayoyin nan," ya ce, kuma babu godiya ga mahalarta a muryarsa. Ya juyo ya ce da ita a hankali, "Mayar masa."

Ta matso za ta mayar masa. Baba bai buɗe mata ba. Ya karɓa da hannunsa, ya juya wa ɗakin baya, ya daɗe yana fama kafin su zauna.

Shugaban kwamitin ya cire tabarau ya goge. Ya ce Baba ya yi haƙuri, aikinsu ne ya sa su zargi, an sha yaudararsu. Ya ce abin da ya gani yau ya ishe shi, zai kai maganar gaban majalisa da bakinsa, kuma yarinyar nan a riƙe ta da kyau, ƙasa tana bukatar irinta. 'Yar majalisar ta tambaya ko za a iya yi wa mahaifiyarta irinsu. Aka tafa.

A baranda ɗaliban suka rufe Auta, wannan ya ce ita ta ceci zaman, wancan ya ce saura ƙiris a kore su da sunan maƙaryata. Ta kutsa ta tsakaninsu tana neman hula sabuwa, ba ta gani ba. Minista yana jingine da bango shi kaɗai.

"Ya ce ba zai bi motarmu ba," ya ce. "Yana bakin titi."

"Me ka ce wa mai kyamara ɗazu?"

"Cewa na yi kada ya matso da ita kusa da fuskar Baba, ba ya so." Ya dube ta, babu faɗa a idonsa, abin da ya fi faɗan ciwo. "Je ki same shi kafin mota ta zo."

Ta same shi a rumfar jiran mota, a ƙarshen benci, hannuwansa a kan gwiwa. Rana ta take, masu talla suna bin motocin da danja ta tsayar. Ta durƙusa a gabansa a kan simintin, da farar rigarta da katin baƙi a wuya.

"Baba."

"Tashi, mutane suna kallo."

"Baba, wallahi ban san lokacin da..."

"Na sani. Na ga fuskarki, ba kya wurin." Ya motsa muƙamuƙi. "Na ƙasan nan yana gurza ta, ta hagu. Tun jiya."

Ta ji wani ɗan sanyi ya ratsa ta. "Abu ne mai sauƙi, Baba. Ka zo gobe da safe, nan da nan zan goge wurin."

"Yaron nan dogon surutu, shugaban naku. Ya iya?"

Ta ɗago kai.

"Ki ba shi katina. Shi zai riƙa duba ni."

"Baba, shi ne fa tun farko ya so a..."

"Na sani, ai ya same ni a bakin ƙofa ya faɗa mini. Ya ce in na yarda na nuna musu, za a fi jin maganar. Na ce a'a. Ya ce to, Baba, ba za a yi ba, kuma shi zai tsaya. Har ya ce ya roƙi mai haɗawa ya gama da wuri don in samu kwanakin sabawa." Ya share gefen bakinsa da hankici. "Shi ya tambaye ni, 'yata. Da shugaban kwamitin can ne ya ce in cire, da na ce masa ya zo ya cire in ya isa. Da yaron ne, da na mare shi. Ke ce kika ce in buɗe."

Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba. Tun da aka fara maganar nan take gadinsa, ta zargi Minista, ta zargi mai haɗa haƙora, ta zargi mai kyamara, kuma duk cikinsu babu wanda Baba zai buɗe wa baki sai ita.

"Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe miki tun a ciki. Aikinki ma yana da kyau, kin ji har sun kasa ganewa." Mota ta tsaya, yaron motar yana kiran unguwanni. Baba ya dafa gwiwa ya miƙe, ya gyara hularsa. "Amma in na kwanta a kujerar nan kika ce in buɗe, ba zan iya rufe ido ba. Ni kuma ban iya buɗe baki ido biyu ba."

Ya shiga ya zauna a bayan direba, bai leƙo ta taga ba. Auta ta tsaya a rumfar har motar ta sha kwana, sannan ta lura safar hannun tana hannunta har yanzu. Ta cire su, ta rasa inda za ta jefa, ta koma wajen motar makaranta inda ake ta kiran sunanta a zo a ɗauki hoto.